Yadda Ake Haɗa Janareta da Injin Mota

Sau da yawa injin mota yakan fi jikin motar tsawon rai. Mota takan yi hatsari ko tsatsa ta cinye gangar jikinta, amma injin yana nan da sauran ƙarfinsa, kuma idan aka haɗa shi da kan janareta, wato ɓangaren da ke samar da wuta idan an juya shi, yadda ya kamata zai iya ba gida, ko gona, ko wurin sana'a wutar da ƙaramin janareta ba zai iya ɗauka ba. Sai dai da yawa daga masu gwada wannan aiki sukan ƙare da wuta mai rawa, da firji da ya ƙone, da inji mai tafasa bayan rabin awa. A mafi yawan lokuta ba injin ne ke da laifi ba, ba kuma kan janaretan ba. Laifin yana ga gudun da injin ke juyawa, domin an ƙera injin mota ne ya riƙa hawa da sauka bisa ƙafar direba, shi kuwa janareta gudu ɗaya tak yake so, ko an ɗora masa lodi ko an sauke. Duk matakan da za su biyo baya a kan wannan batu suka rataya.

Lissafin da ake yi kafin a sayi komai

Wutar da ake amfani da ita a gidaje tana kai da komo ne sau 50 a cikin daƙiƙa guda a yawancin ƙasashen Afirka da Turai da Asiya, a Amurka da Kanada kuma sau 60. Wannan adadi shi ne ake rubutawa Hz a jikin kayan wuta, kuma gudun kan janareta ne kaɗai ke samar da shi. Kan janareta mai kawunan maganaɗisu huɗu dole ne ya yi juyi 1,500 a minti kafin ya ba da 50, mai kawuna biyu kuma juyi 3,000. Inda ake amfani da 60, adadin yakan koma 1,800 da 3,600. Na'urar daidaita ƙarfin wuta da ake kira AVR tana iya riƙe bolt a kan 230, amma ba ta da iko a kan wannan kai-komon ko kaɗan, don haka idan gudu ya faɗi, injinan firji da na famfo za su yi zafi ko da mitar bolt tana nuna komai daidai.

Mataki na farko shi ne a rubuta duk abin da za a kunna a lokaci guda tare da wat ɗin da ke jikin kowanne. A ɗauki misalin wurin da ke da famfon rijiyar burtsatse mai wat 1,500, da firiza biyu masu cin wat 600 a haɗe, da na'urar sanyaya ɗaki mai wat 1,200, da fitilu da fankoki na wat 700. Jimilla wat 4,000 ke nan, wato kilowat 4. Amma duk na'urar da ke da mota, wato injin da wutar lantarki ke juyawa, a cikinta, kamar famfo da firiza, takan ja ninki uku zuwa shida na wutarta a daƙiƙar da take tashi, saboda haka ba a sayen kan janareta daidai da jimillar. Ga wannan misali, kai mai kVA 10 ya dace. A lura cewa kVA ba daidai yake da kilowat ba: akan ninka shi da 0.8, don haka kVA 10 kilowat 8 ne na aiki.

Daga nan sai a duba ƙarfin da ake bukata daga inji. Ƙarfin doki ɗaya wat 746 ne, kuma idan aka cire asarar da ake yi a bel da cikin kan janaretan, aka bar sarari domin tashin motoci, ƙa'idar da ta fi sauƙi ita ce doki biyu ga kowane kilowat. Kilowat 8 yana bukatar doki 16. A nan ne mutane da yawa ke ruɗuwa, domin sun ji an ce injin lita 1.6 yana da ƙarfin doki kusan 100, sai su ɗauka ya yi yawa ma. Wannan ƙarfi a wajen juyi 6,000 ake samunsa. A juyi 1,500, ƙarfin murɗawar irin wannan inji yakan kasance kusa da 110 a ma'aunin Nm, kuma idan aka ninka shi da gudun aka raba da 9,550 za a sami kilowat 17, kimanin doki 23, shi ma sai an buɗe totur har ƙarshe. Injin da ke aiki awanni a irin wannan hali yana wahala, kuma ba shi da abin da zai ƙara idan famfo ya tashi. Idan kuwa aka ɗaga shi zuwa juyi 2,250, ƙarfinsa zai kusanci doki 40, sai ya ja doki 16 ba tare da ya ji a jikinsa ba. Shi ya sa a ganina wurin da ya fi dacewa da ƙaramin injin fetur shi ne tsakanin juyi 2,000 da 2,500, inda yake da ƙarfi, ƙararsa ba ta yi yawa ba, cin mansa kuma yana da dama-dama. Injin dizal mai lita 2 zuwa sama yana iya zama a kan 1,500 kai tsaye, domin ƙarfin murɗawarsa tun daga ƙasa yake farawa.

Akwai gaskiyar da ya kamata a faɗa tun kafin a kashe kuɗi. Idan bukatar ba ta kai kilowat uku ba, wannan aiki bai cancanci wahalarsa ba, domin babban inji yana shan mai ko da kansa kawai yake juyawa. Mai irin wannan ƙaramar bukata ya fi masa sauƙi ya bar altanetar motar ta riƙa cajin batir, ya haɗa da inbata. Altaneta mai amfiya 90 a kan bolt 14 tana ba da wat 1,260 ne a ƙololuwarta, kuma ba a so a riƙe ta a nan na dogon lokaci.

Zaɓen inji da gwada shi

Injin da ya fi sauƙin sarrafawa shi ne tsohon mai kafireto, domin abin da yake nema kawai shi ne mai, da wuta zuwa kwayil, da batir na tayarwa. Haka ma tsofaffin injinan dizal masu famfon mai na ƙarfe zalla, irin su XUD na Peugeot, waya ɗaya ce ke buɗe musu mai, sai kuma wayar hita. Injin fetur mai injekta ya fi tsimin mai kuma ya fi tashi da wuri, amma sai an ɗauko shi da dukkan wayoyinsa, da ƙwaƙwalwarsa, da sansoshinsa, da famfon mai na lantarki mai matsi kusan ba 3 a ma'aunin matsi na ba (bar). Idan motar tana da tsaron makulli, dole a haɗo da makullin nan nata da zoben da ke karanta shi, in ba haka ba injin zai yi kik amma ba zai kama ba. Wanda totur ɗinsa ke aiki da waya ta ƙarfe ya fi wanda totur ɗinsa na lantarki ne, saboda dalilin da za a gani idan an zo maganar gwamna, na'urar da ke riƙe gudun inji.

Kada a sayi inji ba tare da an auna matsin silindojinsa ba. A cire fulogogi, a ɗaura ma'aunin matsi, a buɗe totur, a yi kik. Lafiyayyen injin fetur yakan nuna ba 10 zuwa 13, kuma bambancin da ke tsakanin silinda da 'yar'uwarta bai kamata ya wuce kashi goma cikin ɗari ba. A buɗe murfin baƙin mai a duba: idan an ga kumfa mai ruwan madara, ruwa yana shiga mai, gaskit ɗin kai ya tafi. Idan ana iya tayar da shi, hayaƙi shuɗi alamar shan baƙin mai ce, fari mai kauri da ba ya yankewa bayan inji ya ɗumama kuma alamar ruwa ce. A karɓo shi da lagireto da fanka da sitata da altaneta da filawil da salansa. Tun yana ƙasa, kafin a ɗora shi a kan komai, a sauya taimin bel da famfon ruwa da matatun mai da na iska, domin a yawancin injina idan taimin bel ya tsinke fistin yakan daki bawul.

Gado

Ana yin gadon ne da ƙarfe mai kauri, irin mai siffar U mai faɗin santimita goma, a yi masa gicciye a ƙarƙashin inji da ƙarƙashin kan janareta. Abu ɗaya da ake yawan kuskurewa shi ne a ɗora inji a kan robobinsa masu laushi na mota, a ɗaure kan janareta kai tsaye a ƙarfe. Idan aka yi haka injin zai riƙa karkata duk lokacin da lodi ya hau, bel ya saki ko mahaɗin ya karye. Daidai shi ne a ɗaure su biyun tamau a kan gado ɗaya, sannan a sa robobin shanye girgiza tsakanin gadon da daɓen siminti. A yi wa wurin zaman kan janareta ramuka masu tsawo domin a iya matsar da shi a ja bel, a kuma bar sarari a ƙarƙashin inji wanda zai ɗauki kwanon juye baƙin mai. A gama duk walda kafin a ɗaura ƙwaƙwalwar inji da AVR, domin wutar walda tana kashe su.

Haɗa inji da kan janareta

Ana ɗaukar ƙarfi ne daga wajen filawil, babban faifan ƙarfe da ke bayan inji, ba daga ƙaramin fulin gaba ba, kuma ba a cire filawil ɗin, domin haƙoransa sitata ke kamawa, nauyinsa kuma yana taimakawa wajen riƙe gudu idan lodi ya faɗo farat ɗaya. Hanyoyi uku ne.

Ta farko ita ce haɗi kai tsaye, inda mai injin sassaƙa ƙarfe zai yi faifai mai ramuka daidai da na kuloci a jikin filawil, da sanda a tsakiyarsa, a haɗa ta da sandar kan janareta ta hanyar mahaɗi mai roba a tsaka. A nan gudun inji shi ne gudun janareta, ko 1,500 ko 3,000, babu zaɓi. Dole sandunan biyu su kasance a layi ɗaya ƙwarai, ana cusa siraran ƙarafa a ƙarƙashin ƙafafun kan janaretan har sai an juya da hannu ba a ji wurin da ya cije ba.

Ta biyu ita ce fuli da bel, kuma ita ce nake ganin ta fi dacewa da injin fetur, domin tana ba da damar zaɓen gudu. Lissafinta mai sauƙi ne: faɗin fulin inji sau gudun inji daidai yake da faɗin fulin janareta sau gudun janareta. Idan ana so inji ya yi 2,250 janareta kuma 1,500, fulin inji mai milimita 200 zai tafi da fulin janareta mai milimita 300. Don ɗaukar kilowat 8 ana bukatar bel uku masu lambar B, a sayo su tare iri ɗaya, domin idan ɗaya ya fi tsawo sauran ne za su ɗauki nauyinsa. Sai dai akwai tarko a nan. Ba a yi boris ɗin ƙarshe na karanshaf don a riƙa jan sa gefe ba, kuma fulin da aka ɗaure kai tsaye a filawil zai cinye shi sannu a hankali har mai ya fara yoyo. Maganin wannan shi ne a sa wata sanda ta daban a kan boris biyu masu gida, fulin yana tsakaninsu, a haɗa ta da filawil da mahaɗi mai roba, ta yadda boris ɗin nan biyu ne za su ɗauki jan bel. A daidaita fuskokin fulin biyu da miƙaƙƙen ƙarfe ko zare, a ja bel har ya zama idan an danna tsakiyarsa da babban yatsa bai nutsa fiye da santimita ɗaya da rabi a kowace mita ta tazara ba.

Ta uku ita ce a bar giyabos a jikin inji, idan na motar da ke ja da ƙafafun baya ne. A irin waɗannan giya ta huɗu yawanci ɗaya-da-ɗaya ce, ta uku kuma takan rage gudu da kusan kashi ɗaya cikin uku ko huɗu, wanda zai sa inji ya yi wajen 2,000 zuwa 2,200 janareta yana kan 1,500. Amfaninta shi ne akwai kuloci, ana iya tayar da inji ya ɗumama shi kaɗai. Aibinta kuwa ba a yi giya ta uku don ta yi awanni tana aiki ba, takan yi zafi da ƙara. Giyabos na mota mai ja da gaba yana da difaransha a ciki, kuma ya fi wahalar da za a ba da shawararsa.

Kowace hanya aka bi, a duba kibiyar da ke jikin kan janareta a tabbatar ya juya ta inda fankarsa ke so, sannan a rufe bel da mahaɗi da murfin raga ta ƙarfe. Bel mai wannan gudu idan ya kama hannun riga ba ya saki.

Sanyaya, mai da hayaƙi

A kan hanya iskar da mota ke kutsawa ita ce ke yin mafi yawan aikin sanyaya lagireto. Inji a tsaye ba shi da wannan gata, don haka fanka ce za ta yi komai. A yi wa fankar kewaye na kwano wanda zai tilasta iska ta bi ta cikin lagireton, a sa ta riƙa aiki muddin inji yana tafiya, kuma idan an sami lagireton da ya fi na asali girma, a ɗauke shi. Iskar zafi ta fita waje, kada ta zagayo ta koma cikin kan janareta. Kada a cire tamostat da sunan hana zafi, domin injin da bai kai digiri 80 zuwa 90 ba yana shan mai da yawa yana kuma lalacewa da wuri. A zuba ruwan sanyaya inji mai maganin tsatsa, kuma kada a taɓa buɗe murfin lagireto yana da zafi.

Tankin mai ya kasance na ƙarfe, a ɗaya gefen da babu salansa, da famfon rufewa da matata a hanyarsa, da tiyo wanda aka yi don mai. Ba a ƙara mai inji yana aiki ko yana da zafi. A ajiye tukunyar kashe gobara mai hoda a bakin ƙofa, inda hannu zai kai ba tare da an ratsa ta gefen injin ba.

Maganar hayaƙi kuwa maganar rai ce. Injin fetur yana fitar da iskar kabon monoksaid wadda ba ta da launi ba ta da wari, takan fara da ciwon kai da jiri da tashin zuciya, mai barci kuma ba ya farkawa ya ji komai. Ba a ajiye wannan janareta a cikin gida, ko a gareji da ke manne da gida, ko a baranda, ko da an buɗe tagogi. A yi masa rumfarsa ta daban mai shan iska, aƙalla mita shida daga kowace ƙofa ko taga, bakin salansa yana kallon nesa da inda mutane ke kwana, har da na maƙwabta. A sa gaɓa mai lanƙwasa tsakanin inji da bututun hayaƙi don kada girgiza ta tsaga shi, idan bututun zai yi tsawo a ƙara masa faɗi, a kuma sa na'urar ƙararrawa mai jin wannan iska a cikin gidan.

Gwamna

Wannan shi ne ɓangaren da ke mayar da inji da kan janareta su zama janareta. Wasu sukan ɗaure totur da waya a wuri ɗaya su ce an gama. Abin da ke faruwa shi ne da zarar famfo ya tashi gudu zai faɗi, wuta ta yi ƙasa, idan kuma aka ƙara totur don a gyara, to ranar da famfon ya tsaya injin zai zabura sama da gudun da aka tsara, ya kashe duk abin da ke kan layi. Gwamna shi ne ke yin aikin da ƙafar direba ke yi a kan tudu da gangare, yana auna gudu yana buɗe totur ko rufe shi cikin ƙiftawar ido.

Iri biyu ne ake samu. Na ƙarfe yana da nauyaye masu buɗewa idan gudu ya ƙaru, ana juya shi da ƙaramin bel daga fulin gaba, hannunsa kuma yana haɗe da totur. Ɗabi'arsa ce gudu ya ɗan sauka idan lodi ya hau, kashi uku zuwa biyar cikin ɗari, saboda haka akan saita shi a kan 52 ba lodi domin ya sauko 50 idan lodi ya cika. Na lantarki ya fi riƙe gudu daidai, kuma sassansa uku ne: sansa mai maganaɗisu da ke ƙirga haƙoran filawil, da akwatin sarrafawa, da hannun da ke jan totur. Ana huda gidan filawil a yi masa zare daidai saitin haƙoran, a murɗa sansar har ta taɓa kan haƙori inji yana kashe, sannan a dawo da ita baya rabin juyi zuwa kashi uku cikin huɗu na juyi a ɗaure notinta. Wayarta ta kasance mai rufin kariya, a nisanta ta da wayoyin fulogi.

Sandar da ke tsakanin hannun gwamna da totur kada ta yi lako-lako, kada kuma ta cije a ko'ina, domin ɗan wasan da ke cikinta shi ne ke sa inji ya riƙa hawa da sauka kamar yana numfashi. A bar sifirin da ke rufe totur a wurinsa, ta yadda idan wuta ta yanke wa gwamna injin zai koma ƙasa da kansa. Wajen saiti, a fara da gudu har mita ta nuna 50, sannan a riƙa ƙara saurin amsawa a hankali har inji ya fara rawa, a dawo baya kaɗan har ya natsu. A ture hannun totur da yatsa a saki: idan ya koma daidai bayan lilo ɗaya ko biyu, saitin ya yi. Mai injin dizal na mota kada ya dogara da gwamnan da ke cikin famfon mansa, domin a yawancinsu aikinsa kawai riƙe ƙaramin gudu ne da hana wuce iyaka, tsakiyar kuwa ƙafar direba aka bar wa.

Abin da zai kashe inji idan babu kowa a kusa

Direba yana ganin jar fitila ya tsaya, janareta kuwa shi kaɗai ake bari. Don haka a haɗa rile guda, wato makunni mai aiki da kansa, wanda zai yanke wutar kwayil ko ta famfon mai idan ɗaya daga abubuwa uku ya faru: matsin baƙin mai ya faɗi, ko zafin ruwa ya haura wajen digiri 100, ko gudu ya wuce ƙa'ida da kusan kashi 15 cikin ɗari. Makunnin matsin mai yana nan a jikin injin tun asali, sai dai a sa maɓallin da za a danne yayin tayarwa har matsi ya hau. Akwai ƙananan akwatunan kula da janareta da ke yin duk wannan, har da ƙirga awanni. A sa fis kusa da kan batir, da babban jan maɓalli na kashewar gaggawa a wajen rumfar.

Ɓangaren wuta

Wannan aiki na ƙwararren mai aikin lantarki ne, kuma a bi dokar wayarin ta ƙasar da ake ciki. Daga kan janareta wuta za ta fara shiga bireka daidai da ƙarfinsa. Kai mai kVA 10 a kan bolt 230 yana ba da kusan amfiya 43, wanda ke bukatar wayar tagulla mai kaurin murabba'in milimita 10, a ƙara kauri idan tazarar tana da nisa. A kafa sandar tagulla a ƙasa mai danshi a haɗa ta da gado da jikin kan janareta, a sa na'urar da ke yanke wuta idan ta zurara ta jikin mutum, mai miliamfiya 30. Idan kan mai layi uku ne, a raba lodi daidai a tsakaninsu, domin kowane layi kashi ɗaya cikin uku kawai yake iya ɗauka.

Tsakanin janareta da gida dole a sa makunnin sauya layi wanda ba zai taɓa barin wutar janareta da ta kamfani su haɗu ba. Cusa wayar janareta a soket ɗin bango ganganci ne mai kisa, domin wutar takan koma ta taransifoma ta ɗaukaka zuwa dubban bolt a kan layin da ma'aikaci ke gyarawa yana zaton a kashe yake, idan kuma wutar kamfani ta dawo kan janaretan ne zai ƙone.

Tayarwar farko

A duba mai da ruwa, a juya komai da hannu, a kashe bireka, a cire wayar AVR ko fis ɗinta, domin barin ta tana aiki a ƙaramin gudu yana ƙona ta ko ya ƙona kwayil ɗin ciki. A tayar da inji ya ɗumama ana duba yoyo, a kai shi gudun aiki, a tabbatar gwamna ya riƙe. Daga nan a kashe, a mayar da AVR, a sake tayarwa a hau gudun aiki kai tsaye. Mitar da ke nuna bolt da Hz tare ita ce abokiyar aiki a nan. A gyara Hz da gwamna tukuna, sannan a gyara bolt da ɗan sukurun da ke jikin AVR, ba a yin akasin haka. Idan gudu ya yi daidai amma wuta ba ta fito ba, wataƙila kan ya daɗe a ajiye ragowar maganaɗisunsa ya gushe, ana farfaɗo da shi ta hanyar taɓa batir mai bolt 12 a wayoyin filinsa, wato masu kai wuta ga maganaɗisunsa, na 'yan daƙiƙu bisa umarnin takardar maƙerinsa, bayan an cire AVR.

Kada a yi gwaji da talabijin ko kwamfuta. A fara da kayan zafi, kamar butar lantarki da dutsen guga da hita, a ɗora kashi ɗaya cikin huɗu na lodi, sai rabi, sai kashi uku, ana barin kowanne minti goma sha biyar ana kallon zafin ruwa, ana kuma kashe inji lokaci-lokaci a taɓa gidajen boris a ji. Sannan a yi gwajin da ya fi muhimmanci, wato a kashe dukkan lodin a lokaci guda a ga iya inda gudu zai tashi da saurin dawowarsa. Idan Hz ta faɗi ta ƙi dawowa alhali totur a buɗe yake, inji ya gaza, sai a sauya fuli a ɗaga gudunsa. Idan gudun inji yana nan amma Hz ta faɗi, ana jin ƙara da warin roba, bel ne ke sulɓewa. Idan Hz tana nan bolt ne ke faɗuwa, a duba AVR da gawayin kan janareta da kaurin waya. Bayan awanni goma na farko a sake jan bel a bi duk notuna da sifana.

Kula da shi da awanni ake yi, tunda babu kilomita. Duk bayan awa 100 ake juye baƙin mai da matatarsa, a wuri mai ƙura kuma a riƙa duba matatar iska kafin lokacin. A auna cin mai tun a makon farko: haɗin fetur mai lafiya a kan lodi mai kyau yakan sha kusan rabin lita a kowane kilowat na awa guda, na dizal kuma wajen kashi ɗaya cikin uku na lita, idan ya zarce haka da yawa to lodin ya yi wa injin kaɗan ko saitin mai ya kauce. Kullum a sauke lodi kafin a kashe, a bar shi ya yi minti biyu ko uku ya huce. Idan zai daɗe ba a yi amfani da shi ba, a riƙa tayar da shi duk mako biyu a ɗora masa lodi na rabin awa, domin batir ya cika, danshi ya fita daga cikin kwayil, fetur kuma kada ya tsufa ya toshe kafireto ko nozul.